Boukari da Sauransu

Rafi'atu ta fara jin sunan Azaratu ne ranar da aka ƙone katin biki. Tana ƙarama, tana zaune a kan turmi a tsakar gidansu na Zongo, sai ga wani ɗan uwansu ya dawo daga kasuwar Adum da kwali cike da katin aure, yana ta washe baki. Mahaifiyarta ta sa aka karanta mata guda, ta dafe ƙirji ta ce, "Azaratu ta gani?" Aka ce ba ta gani ba. Ta ce, "Ku rufe ƙofa." Ashe an sa sunan ƙane a gaban na wa. Kafin la'asar katin nan kaf ya dafa ruwan wanka. Rafi'atu ta tambaya wace ce wannan Azaratu da ake tsoro haka, aka nuna mata Goggo, wadda ke shigowa da ledar ayaba. Har ranar ba ta san Goggo tana da wani suna bayan Goggo ba.

Yayar mahaifinsu ce. A Zongo aka haife ta, ubanta ya zo daga Dogondutse fataucin goro ya zauna. Ta auri wani direba, Sumana, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu ya bar mata ɗaki a Asokore Mampong, ita kuwa ta ci gaba da sayar da atamfa a Adum. Amma ba da atamfa aka san ta ba. Sana'arta ta gaske, wadda ba a biyan ta, ita ce jera sunaye. Katin aure, katin suna, takardar addu'ar mamaci, babu wadda za ta je wurin mai bugawa sai ta bi ta kunnen Goggo. Ba ta karanta boko, a ka take riƙe da dangi. Mamata ne a gaba, sai rayayyu bisa haihuwa. Zuwa Makka ba ya ƙara wa mutum shekaru, don haka Alhaji ƙarami yana bayan wansa ko da wan bai taɓa wuce Tamale ba. Matar da aka saka, in ta bar 'ya'ya, tana ciki. Wanda ake gaba da shi ma yana ciki, sai dai can ƙasa, kusa da lambar wayar mai kanofi, wato mai ba da hayar rumfar biki.

Ƙanenta Boukari, mahaifin su Rafi'atu, kafinta ne a Anloga. Tari ya kama shi, ya daɗe yana fama, ya rasu yaran suna firamare. Ranar da aka kai shi Goggo ta faɗa a gaban mata cewa muddin tana numfashi babu takardar da za ta fita daga gidan nan sunan Boukari yana bayan na wani. Haka kuwa aka yi ta yi. Ko sunan jariri za a yi, Marigayi Malam Boukari ne farkon mai gayyata.

Da Rafi'atu ta gama sakandare sai ta zama hannun Goggo. Goggo ta lumshe ido tana kiran sunaye, ita tana rubutawa a waya. A haka ta san wa ya haifi wa, da dalilin da ya sa ba a haɗa Kawu Seini da surukinsa a layi ɗaya.

Rigimar ta taso ne daga wurin yayan Rafi'atu, Kamaldeen, wanda Goggo ta riƙa tun rasuwar ubansu, yake kuma digirin dokta a jami'a. Wata Juma'a bayan masallaci, ana cin tuwo, ya sanar cewa wata mujallar masana ta karɓi bincikensa a kan ƙurar katako da ƙirjin kafintoci. Sai an buga shi za a ba shi digirin. Ya ce a intanet za a sa, kyauta, kowa a duniya ya buɗe ya karanta.

"Kyauta?" in ji Goggo. "To sadaka ce. Allah ya kai ladan kabarin ubanka. Rafi'atu, karanta mini sunaye."

Rafi'atu ta karɓi wayar. "Kamaldeen Boukari. Suraj Abubakari. Farfesa Akosua..."

"Ci gaba."

"Sun ƙare, Goggo."

Goggo ta cire hannu daga kwano. "Wane ne Suraj? Ɗan wa?"

"Abokin karatuna ne, Goggo. Shi ya auna ƙurar."

"Ya auna. Wa ya sha ta? Ubanka ya sha ƙurar nan har ta kai shi, ku kuka zo kuka auna. Shi ne ka maƙala shi a bayanka kamar ɗan goyo? Ina Marigayi? Ina Liman? Ina Kawunka Seini da ya kai ka makaranta? Duniya ce fa za ta karanta, ka ce!"

Kamaldeen ya yi ta bayani, cewa sai wanda ya yi aikin da hannunsa ake sa wa suna, kuma dole a rubuta wa editan abin da kowa ya yi. Goggo ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta lumshe ido, Rafi'atu kuma, don sabo, ta ɗauki waya. Marigayi ya sha ƙura. Kawu Seini ya sayi takalmin makaranta. Mma Ajara ta maƙwabta ta dama masa koko tun daga aji ɗaya. Limamin unguwa ya yi addu'a lokacin jarrabawa, kuma an ci.

"Goggo, in na kai musu wannan za su dawo mini da takardar."

"In ka buga ba Boukari a sama, ranar da za a sa maka hular nan mai igiya ka nemi wata Goggon."

Ba ta yi fushi irin na ihu ba, abin da ya fi tsorata Rafi'atu ke nan. Ta wanke hannu, ta yafa gyale, ta tafi. Mako ya zagayo ba ta zo cin tuwon Juma'a ba. Kamaldeen ya rame. Kawu Seini kuwa, da labari ya kai masa cewa sunansa zai shiga littafin Turawa, ya sayi tabarau, ya fara gyara wa mutane magana a majalisa.

Ranar Litinin Goggo ta kira Rafi'atu ta ce ta sa kayan kirki, za su jami'a. Ta ƙulle goro a ganye, ta zaɓi turmin atamfa mai tsada, suka hau trotro, motar haya. A hanya Rafi'atu ta yi ta addu'a kada a kore su.

Farfesa Akosua, malamar Kamaldeen, 'yar Asante ce mai furfura da ƙaramin jiki. Goggo ta gaishe ta da yaren Twi irin na kasuwar Adum, ta ajiye goro, ta zayyana ƙararta tun daga Dogondutse. Rafi'atu ta zaci matar za ta yi dariya. Sai ta ga ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, ni kike gaya wa? Da uwata ta rasu, wata guda muka yi muna faɗa a kan takardar makoki. Har yau akwai ɗan uwan da ba ya gaishe ni, don an sa shi a layi na biyu."

"Babba ne?"

"Babba ne."

"To yana da gaskiya," in ji Goggo. Suka kama hira kamar tare suka tashi.

Sai da suka gama da matattun juna sannan Farfesa ta mayar mata da atamfar, ta ce wannan ba za ta iya karɓa ba, goro dai za ta ci. Ta ce, "Tamu takardar ba ta gayya ba ce, ta shaida ce. Duk wanda sunansa ke sama ya rantse ya ga aikin da idonsa. In aka sami kuskure shi za a tambaya. In aka sami ƙarya, duk su ne maƙaryata, kuma a gaban duniya za a faɗa."

Goggo ta ce, "Har wanda ya mutu?"

"Sunansa dai zai ɗauka."

"Boukari ko ƙofa ba ya cewa ta yi sai ya buɗe ta ya rufe da kansa." Ta juya goron da ke hannunta. "Ba zan sa shi shaidar abin da bai gani ba. Amma ban janye ba, Farfesa. Na yi magana a gaban mata."

Farfesa ta ce akwai wani wuri a ƙarshen takarda da ake godiya, a can ana iya sa wanda ya taimaka, da sharaɗin mai sunan ya yarda, in yana da rai. Goggo ta ce ƙarshe ai wurin mai kanofi ne. Ta dai karɓa don rayayyu, maganar Boukari kuwa ta ce tana nan.

Neman yardar nan shi ya tayar da Zongo. Goggo ba ta san wata hanyar sanar da mutane ba sai wadda ta sani, don haka gida gida ta bi da goro, Rafi'atu na biye da ita. Duk inda suka shiga sai a rangaɗa guɗa, a ce, "Wa zai aura?" Rafi'atu ta ce ba aure ba ne, mujalla ce. A ce, "'Yar gidan wa?" Mma Ajara ta tambayi wane zane za a yi yayi, kowa ya ɗinka iri ɗaya, kafin a ba ta amsa ta riga ta gaya wa tela. Kawu Seini ya tarbe su da tabaransa, ya ce shi a sama yake so. Rafi'atu ta gaya masa na sama su ake kira su amsa tambayoyi in an ga kuskure, da Turanci kuma. Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Wane irin tambayoyi?"

"A kan huhu, Kawu."

"Yoo. Ku sa ni a ƙasan. Can ƙasa paa. Ni dama ba na son nuna kai."

Godiyar da Goggo ta jera ta kusa kai tsawon binciken. Editan ya dawo da ita da ladabi, ya ce a rage. Ragewar ta ci kwanaki, Goggo na cire mutum da safe ta mayar da shi da rana. Da Kamaldeen ya ce ita fa, sai ta ce mai jera suna ba ta shiga layi, kuma ba ta yarda ba, tunda an ce sai da yarda.

Aka buga. Goggo ba ta ce a karanta mata ba. Ranar sa hula tana matsowa, ita kuwa ko ɗinki ba ta bayar ba, kowa kuma ya san ma'anar hakan.

Rafi'atu ce ta ga abin, tana shagon Goggo a Adum tana jiran mai saye. Ta buɗe takardar a waya don ta sake duba ko an rubuta Mma Ajara daidai, sai ta lura da wani ɗan layi a gefe. Ta kira Kamaldeen ta tambaye shi, sannan ta juya wurin Goggo.

"Goggo, kin san kowa yana iya kwafar takardar nan, ya raba, ya sa a littafinsa?"

"Sadaka ai ba a bin ta."

"Amma da sharaɗi. Dole ya ambaci mai ita. Ga yadda suka ce a rubuta." Ta karanta a hankali. "Boukari, sai waƙafi, sai K."

"K. me?"

"K. kawai. Kamaldeen ke nan."

Goggo ta ajiye almakashi. "Boukari a gaba? Cikakke?"

"Cikakke. A cikin rubutu ma ko K. ɗin ba sa sawa. Cewa suke, Boukari da sauransu."

"Farfesa fa?"

"Tana cikin sauransu."

Goggo ta sa aka maimaita mata har mai sayen leshi ta gaji ta tafi. Sannan ta share ido da bakin gyale ta ce, "Ashe mutanen nan suna da tarbiyya. Uba a gaba, ɗa harafi ɗaya. Me ya hana shashashan yaron nan ya faɗa mini tun ranar tuwo?" A ranar ta yanka wa kanta atamfar da Farfesa ta ƙi karɓa, ta aika wa tela. Washegari kuma ta sa aka kai wa Farfesa kular wake da shinkafa, don a ganinta mace mai furfura da aka jefa cikin sauransu tana bukatar a lallashe ta.

Ta je bikin sa hula, ta zauna a gaba a kujerar da ba tata ba, babu wanda ya iya tayar da ita.

Yanzu gwiwa ta hana ta zuwa Adum, jeran sunaye ma ya koma hannun Rafi'atu, sai dai a kai mata ta saurara. Amma akwai aikin da ta ba ta wanda har yau bai kammala ba. Watanni bayan bugawar, Kamaldeen ya zo da labarin cewa wani masani a Indonesiya ya ambaci binciken a tasa takardar. Goggo ta tambaya ko ya rubuta Boukari daidai, aka ce ya rubuta. Ta tambayi sunansa, aka karanta mata, suna ɗaya da harafi. Lokacin ana shirin auren Kamaldeen, Rafi'atu na zaune a gabanta da waya ana jeran kati. Goggo ta buɗe ido ta kamo hannunta.

"Mutumin nan ya kira sunan ubanku a ƙasar da ko goro ba mu taɓa aikawa ba. Dole a kai masa kati. Ki nemo mini cikakken sunansa, da na kawunnansa, ki kuma bincika ko yana da wa, kada mu sa shi a gaban babba. Ni ba na gayyatar mutum da harafi ɗaya."