Ranar da na yi wa Harold tafinta a zauren Yaya Bello

Shekara shida ke nan da rasuwar Harold, Ba'amurken da mutanen Illela suka raɗa wa suna Malam Haruna, kuma har yau ba a ambatar sunansa a gidanmu cikin sakin jiki. Ni na kawo shi gidan, don haka ni ya kamata in yi wannan waiwaye.

Harold mai sharhin fina-finai ne. Mahaifinsa shi ke kunna majigi a wani gidan silima a Amurka, kuma a ɗakin majigin nan ya tashi. Fiye da shekara talatin yana rubuta wa wata jarida sharhi duk mako. Ya taɓa ba ni labarin wani kamfani da ya daina gayyatarsa kallo saboda abin da ya rubuta. Sai ya koma bin layi yana sayen tikiti kamar kowa, rubutunsa bai canja ba. Da ya yi ritaya ya shiga yawon ƙasashenmu, yana neman fina-finan da ba su taɓa isa Amurka ba. Ta Ƙonni, can Nijar, ya shigo mana. Ina koyar da Turanci a sakandare, aka haɗa mu in yi masa tafinta, muka shaƙu duk da ya ba ni kusan shekara ashirin.

A lokacin yayana Bello, wanda ke fataucin albasa zuwa Nijar, ya gama fim ɗinsa na farko, kan wani tsohon masunci a tafkin Kalmalo. Shekara biyu ya yi yana fama da aikin, gari duka yana alfahari da shi. Ni da bakina na roƙi Harold ya kalla. Muka zauna da hantsi ina fassara masa, shi kuma yana ta rubutu a ɗan littafinsa.

Bayan wata uku da komawarsa Amurka sharhin ya fito a wata mujalla ta can. Ya ce rabin farko, inda masuntan gaske ke hira a bakin ruwa, yana cikin abubuwa mafi gaskiya da ya taɓa gani a allo. Rabi na biyu kuwa, da aka cika shi da 'yan bindiga da tseren motoci a kan iyaka, ya kira shi ƙaryar aro. Ya ce mai fim ɗin ya ji tsoro ne, ya ɗauka garinsa bai isa a ba da labarinsa ba. Wani ya tsinci wannan ɓangaren kaɗai, ya fassara shi da murya ya watsa ta waya. Kafin la'asar, daga tasha har kara, kasuwar dabbobi, zancen ɗaya ne: Bature ya ce Bello maƙaryaci ne kuma matsoraci, ƙanensa ne ya saka masa maganar a baki.

Bello ya daina amsa gaisuwata. Abincin da matata ta aika gidansa ranar Juma'a ya dawo a rufe. Na rubuta wa Harold na roƙe shi ya janye ko da kalmar tsoron nan. Ya amsa cewa ba zai janye abin da ya gani ba, amma zai zo ya maimaita shi a gaban mutumin. Na ce kada ya zo. Ya zo.

Cikin bazara ne, bayan azahar. Zauren Bello ya cika, ga direbobinsa uku tsaye a bakin ƙofa, tsayuwar da ban ji daɗinta ba. Ba a kawo wa baƙo ko ruwa ba, abin da ban taɓa gani ba a gidan nan. Duk zauren babu mai jin Turanci sai ni.

Bello bai dube ni ba, ya ce, "Tunda kai ka saba, tambaye shi. Mi na yi mai da ya kira ni matsoraci gaban duniya?"

Harold ya gyara zama ya ce bai zo ba da haƙuri ba, ya zo ne don yana ganin girman aikin. Sannan ya ce, "Ka yi rabin fim da babu mai iya yin sa sai kai. Daga nan ka ji tsoro, ka yi rabin da kowa zai iya."

Ina iya cewa ya yi nadama, ba wanda zai sani, ba shi ba, ba Bello ba, a watse lafiya in koma cin tuwo gidan yayana. Na dubi direbobin, na dubi tsohon da ya ƙetare teku don ya faɗi magana ɗaya. Na fassara ta yadda take.

Ɗaya daga cikin direbobin ya tako ciki. Bello ya ɗaga masa hannu. Sannan ya ce, a hankali, masu sayar da faifai ne suka ce masa in babu bindiga babu mai saye. Ya miƙe ya shige cikin gida. A yammacin nan na kai Harold tasha, ban bar gefensa ba sai da motar Sakkwato ta tashi.

Bello bai sake yin fim ba. Sai da aka shekara biyu kafin mu sake zama tabarma ɗaya. Harold ya ci gaba da rubutu har ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa ce ta aiko mini da labarin rasuwar.

Yau duk mai waya mai sharhi ne. Fim bai fito ba an gama yabonsa, ko an gama zaginsa, kuma kowa ya san ɓangaren da mai maganar yake tun kafin ya buɗe baki. Ina tambayar kaina me Harold zai ce. Ina jin ba zagin ne zai dame shi ba, sai ganin cewa ba wanda ke yarda ya je zauren mutumin ya maimaita.

Ba na wanke shi tas. Ya rubuta wa mutanen nesa, bai san nauyin kalmar tsoro a garin da sunan mutum shi ne jarinsa ba. Shi ya hau jirgi ya koma, ni na zauna da abin da ya biyo baya. Wasu ranakun har yanzu ina jin haushinsa.

Amma bara, bayan babbar sallah, Bello ya ce in karanta masa sharhin nan duka da Hausa. Ashe duk shekarun nan rabin kawai ya taɓa ji. Na karanta tun daga farko. Da na kai ƙarshe ya ce, "Da yana raye, da na sake faɗa mai maganganu. In na gama, in yi wani fim in aika mai."

Abin da Harold ya bari ke nan a Illela: mutum ɗaya da bai yafe masa ba, wanda kuma duk duniya babu hukuncin da yake so ya ji sai nasa.