Rahoton Fadamar Dundaye

Ko daga barci aka tashe ni, zan ba ku labarin ranar taron Dundaye tiryan-tiryan. Lokacin ana ta shirin mulkin kai, ni kuma ƙaramin akawu ne a ofishin wakilinmu, mutumin da jama'a suka zaɓa ya zauna musu a majalisar tarayya a Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin. Aikina rubuta rahoton taro.

Ku 'yan baya ba ku san yadda muke yi ba. Talaka ba ya musu da babba a bainar jama'a, don haka tun kafin taro nake buga rahoto: an yi bayani, jama'a sun amince. Wakili ya sa hannu da safe cikin tarin takardu, ko dubawa ba ya yi. A wannan karon gwamnatin tarayya ce ke son wani yanki na fadamar Dundaye ta yi gonar gwajin shinkafa, amma doka ta ce sai masu gonakin sun yarda. Motar da ke kai wasiƙu Gusau, inda jirgin ƙasa ke kwasa, bayan azahar take tashi. Ni sarkin wayo, wakili na sa hannu sai na jefa rahoton a gidan waya, sannan muka tafi taro.

Wakili ya gama bayani, ina jiran a shafa fatiha. Sai wani dattijo, Malam Altine, ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, mu munka zaɓe ka don ka kai maganammu Ikko. Yau ga shi ta Ikko ka kawo muna. Fadamag ga ita ka cishe mu. Ba mu yarda ba."

Nan take kowa ya ɗauka, ba su yarda ba. Wakili ya juyo gare ni. "Akawu, rubuta yadda sunka ce."

Na riƙe alƙalami ina tuna rahoton da na jefa a gidan waya. Da hannuna na ba da gonakin mutane, kuma takardar na shirin kama hanya.

Muna dawowa gari na figi keke sai gidan waya. Na yi magiya har da rantsuwa. Shugaban wurin ya nuna mini jakar wasiƙu an ɗaure an buga hatimi, ya ce, "Ta zama ta tarayya. Ko Razdan, Baturen lardi, ba ya buɗe ta." Da ya ga na kusa kuka, ya ce tangarahu, wato saƙon da ake bugawa ta waya, yana riga jirgi isa, amma sai wanda ya sa hannu a rahoton ne zai iya soke shi.

Haka na je gidan wakili a Ƙofar Marke, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na faɗi kome. Na riga na sallama aikin. Ya karɓi alƙalamina ya sa hannu a saƙon sokewa.

Alhamdu lillahi, saƙon ya riga wasiƙar. Bayan 'yan makonni amsa ta zo, an bar wa mutanen Dundaye fadamarsu. Ranar ce abinci ya fara yi mini daɗi, kuma ba a kore ni ba.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan ba bebaye ba ne, mu ne ba mu jiran su buɗe baki. Wakili ne ya koya mini, lokacin da yake mayar mini da alƙalamin a zaurensa, bayan ya sa hannu a saƙon sokewa.

"Akawu, irin wagga takarda nawa munka aika Ikko, ni da kai?"

Na yi ta lissafi a zuci. Lissafin ya ƙi ƙarewa, shi ma bai sake tambaya ba.