Sarkin Shebur da Jirgin Zariya

Duk wanda ya taɓa kai citta tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Bartholomew Dogara, akawun sikeli. Dogo ne, fensir biyu a aljihu, ɗaya a bayan kunne. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye bayan Zonkwa, na huɗu cikin 'ya'ya tara, kuma shi kaɗai ya gama aji bakwai. Ya kama aiki a 1968. A rana yakan auna buhu ɗari biyu, har da ɗoriya idan kaka ta yi kyau. Daga ƙofar gidansa zuwa sito taku ɗari shida da arba'in ne, ya sha ƙirgawa.

Burinsa ɗaya ne: kwas ɗin wata shida a Zariya, wanda in mutum ya gama sai ya zama mataimakin shugaban tasha, da farar riga da hula. Ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara talatin da biyar.

A 1971 ya ga talla a bayan wata mujalla: littattafai uku daga Ingila, masu koyar da duba da karta, irin wadda ake bugawa a gindin mangwaro. Ya aika. Bayan mako goma sha ɗaya suka iso fas ofis. Mutumin ba malalaci ba ne. Kati hamsin da biyu, kwana hamsin da biyu, kullum ɗaya. In an tashi hutun rana sai ya ja ƙofar sito, ya shimfiɗa buhu, ya buɗe ƙamus, ya juya ma'anar katin zuwa Hausa a littafin rubutu. Kati mai zanen daimon ɗaya, wasiƙa. Goman daimon, tafiya. Taran shebur, wato mai baƙin zane tara, rashin lafiya mai tsanani. Sarkin shebur kuwa, ƙamus ya ba shi kalma biyu: baƙin mutum. Littafi na biyu ya ƙara da cewa in wannan sarki ya kwanta kusa da katin tafiya, kada a bi hanya da baƙin mutum, akwai asara.

Yana cikin mawaƙan coci, don haka kartar tana kwana a ƙarƙashin sikeli. Matarsa Afiniki kaɗai ta sani.

Da farko wasa ne. Ranar da ya gama katin ƙarshe ya shimfiɗa wa kansa, sai ga katin wasiƙa jingine da taran shebur. Kwana huɗu bayan haka takarda ta zo daga ƙauye: mahaifiyarsa ta rasu. Daga ranar ya daina dariya in ya riƙe karta.

Kiran Zariya na farko ya zo a 1973. Ya cakuɗa karta sau bakwai kamar yadda littafi ya ce, ya raba ta biyu da hannun hagu, ya jera. Goman daimon, kusa da shi sarkin shebur. Ranar tafiya ya tsaya a tasha da akwatinsa, ya leƙa tarago biyar. Ko'ina baƙin mutum. Ya koma gida, ya rubuta cewa zazzaɓi ya kama shi. A 1974 aka sake kira. Wannan karon akwai kati ɗaya tsakaninsu, amma littafi na uku ya ce wannan ma kusa ne. Bai je ba.

Kira na uku ya zo a watan Yuni na 1976, saura wata biyu ya cika talatin da biyar. A ƙasan takardar an ja layi: wannan ne na ƙarshe. Ya shimfiɗa, sarkin ya sake kwanciya a wurinsa.

Afiniki ta gaji. Ranar Lahadi bayan sujada ta kawo ƙanwarta Mildred, malamar firamare a Kagoro, ta ajiye mata littattafan a kan tebur.

"Mijinmu," in ji Mildred, "ashe boka muke aure ba mu sani ba?"

"Wa ya aure ki? Sadakin tsintsiya ma ba zan biya ba. Wannan ilimi ne, ba tsafi ba. Bugawa aka yi a injin."

"Almanaka ma bugawa aka yi." Ta yi ta juya shafi, sai ta tsaya, ta fashe da dariya har gilashinta ya zame. "Yaya, zo ki ji! Ba fata suke nufi ba. Turawa ne suka rubuta wa Turawa. Su a wurinsu akwai mai jan gashi, akwai mai gashi kamar gemun masara. Wannan sarkin, mai baƙin gashi ne kawai!"

Afiniki ta ɗaga hannu sama. "Na gode Ubangiji. Baban Lucy, ka ji ko? Shekara uku kana gudun abin da ba shi ba ne."

Bartholomew bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin, ya bi layin da yatsa sau biyu, ya ciro fensir ya gyara fassararsa. Sannan ya ɗago.

"To, Malama, gashin wa ne ba baƙi ba a Kafanchan?"



"Abin da nake gaya maka ke nan," in ji Mildred. "Littafin bai san da mu ba."

"Ya san da mamana."



Amma shi mutum ne mai neman hanya, ba ya zama. A kwana shida da suka rage ya nemi masu furfura. Surukinsa Baba Kumai, mai kai fari fat kamar auduga, ya yarda zai raka shi. Ya samu wani tsohon ɗan kwangila mai sanƙo da zai je Kaduna. Biyu ke nan. In ya zauna tsakaninsu a ƙuryar tarago, ai ba za a ce da baƙin gashi yake tafiya ba.

Ranar Asabar jirgi ya shigo da ƙarfe goma da minti ashirin. Baba Kumai ya hau, ya kama wuri. Afiniki ta miƙa akwati ta taga. Bartholomew ya sa ƙafa ɗaya a kan matakala, sai idonsa ya kai gaba. Direba ya leƙo, ya cire hula yana share gumi. Saurayi ne, gashi baƙi ƙirin, an taje shi ya yi tozo.

"Shi ne zai ja mu," ya ce a hankali.

"Baban Lucy, hau."

"Da shi zan yi tafiyar, Maman Lucy. Duk inda na zauna."

"To kai fa?" Ta kama hannun rigarsa, mutane na kallo. "Taɓa kanka ka ji! Ko da ƙafa ka tafi, da baƙin gashi za ka tafi. Sarkin nan naka kai ne!"

Ya kai hannu ya taɓa kansa. Wannan bai taɓa zo masa ba. Yana nan tsaye yana lissafinsa aka busa usur. Baba Kumai ya jefo akwatin ta taga, shi kuma jirgi ya wuce da shi sai tasha ta gaba. Bartholomew ya ƙirga tarago tara suna wucewa, ya ɗauki akwati, ya yi taku ɗari shida da arba'in zuwa gida.

Ba a sake kiransa ba. Yana nan kan sikelinsa, ba a taɓa kama shi da kuskuren ko laba ɗaya ba, kuma har yau kartar na ƙarƙashi. A farkon 1979 Afiniki ta ga furfura a gefen kunnensa, ta kai hannu za ta cire. Ya riƙe hannunta.

"Bar su. Nawa ne?"

Ta duba. "Goma sha bakwai."

Ya ciro fensir ya rubuta, da kwanan wata.