Yatsa Uku a Bakin Ƙwarya

Mahaifinmu, Malam Inusa, bai taɓa sayar da ƙwarya ko ɗaya ba, kuma in ka kira shi mai zanen ƙwarya sai ya ɓata rai. Shi mai lambu ne a bakin tabkin Madarumfa, albasa da tumatir da ɗan barkono, haka zai gaya maka. Zanen kuwa abin da yake yi ne bayan la'asar, in ya dawo ya wanke ƙafa. Ya hura garwashi a tsohon kasko, ya zura ƙarafa uku da wani maƙerin garin Gabi ya ƙera masa tun yana saurayi, ya ɗora ƙwarya a gwiwa. Ni Saratu, babbar 'yarsa, da ƙaurin nan na tashi, ƙaurin ƙwarya in jan ƙarfe ya taɓa ta. Har yau in na ji irinsa a hanya sai na waiwaya.

Zanensa ɗaya ne, bai taɓa sauyawa ba. Daga gindi layuka ne kamar jikin kifin karfasa, daga sama kuma igiyar ruwa ce ta zagaye baki. Duk ƙoran gidanmu haka suke, da na dangi, don kyauta yake bayarwa. Wadda ta fi tsufa ita ce ta innarmu Hafsatu, a cikinta take shan fura, kuma kowa ya san ba a taɓa ta.

Ba zan ɓoye ba, ni na fara kawo robobi gidan nan, ina ta alfahari wai na waye. Ƙorai suka koma bayan rumbu, gara ta ci rabonta, yara suka fasa sauran. Da Inna ta rasu, shekara shida ke nan, ƙwaryarta kaɗai ta rage, ita ma da tsaga a gefe. Hannun Baba ya fara rawa, idonsa ya yi hazo. Rannan ya gwada ɗaukar ƙarfe ya ƙone gwiwarsa, na ƙwace kaskon na ɓoye, muka yi kwana biyu ba ya yi mini magana. Abin da ke cinsa na san shi: ranar da tsagar nan ta kai gindi, zanen ya tafi ke nan, babu mai iya shi. A cikin 'ya'yansa ba wanda ya taɓa zama ya koya, kuma wannan kunyarmu ce.

Ƙanena Rabi'u yana aikin ofis a Maradi. Mutum ne mai son kayan ƙyale-ƙyale, ya je Kano ya dawo da wani inji da ake kira leza, wanda ke ƙona katako da zaren haske ya yanka shi yadda aka zana a kwamfuta. Duk Asabar da Lahadi, in dai akwai kuran, wato wutar lantarki, yana shagon gidansa yana yanka faifan katako na rufe abinci da farantan jera kofuna, matarsa na ƙorafin hayaƙi. Shi ma ba ya sayarwa. Na daɗe ina masa tsiya, ƙato da gemu yana wasa da fitila. Amma ranar da na shiga shagon na ji ƙaurin, sai na daina tsiyar.

Ni na ce ya zo ya ɗauki zanen Baba. Ya zo ya ɗauki hoton ƙwaryar ta kowane gefe, ya yi mako uku yana jan layi a kwamfuta. A bakin ƙwaryar akwai wani wuri da igiyar ruwan ta yanke, fili sumul, sannan ta ci gaba. Rabi'u ya tambaye ni, na ce ai shekaru ne suka goge shi. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar na sani. Ya cike wurin, igiyar ta zagaye ta haɗe tsaf.

Wata Juma'a bayan masallaci ya kawo faifan. Gaskiya ya yi kyau, har maƙwabta suka leƙo. Baba ya karɓa, da yake ido ba ya taimakonsa sai ya ɗora babban yatsa a kan igiyar yana juya faifan. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, ya yi na uku. Sannan ya ɗago.

"Ina wurin innarku?"

Muka dubi juna. Shi ne ya ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba. Ƙwaryar farko da ya yi wa Inna suna sabon aure, ya zagaye bakin duka da zane. Ta sha fura ta ce wurin ƙunar yana mata ɗaci, ga baƙi a leɓe. Ya sa ta ɗora yatsunta uku a bakin sabuwar ƙwarya, ya yi alama, ya tsallake wurin. Tun daga ranar, duk ƙwaryar da ya zana, ta kowa ce, sai ya bar yatsa ukun nan. Shekara arba'in muna sha ta wurin, ba wanda ya taɓa tambaya.

Rabi'u ya ce a hankali, ai faifai ba a sha da shi, rufi ne kawai. Baba ya miƙa masa abinsa.

"Injinka ya iya aiki, ɗana. Amma wanga ba nawa ba ne."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don ni na sa aka cike. Rabi'u ya fito da abin awo zai auna filin a jikin ƙwaryar, Baba ya ture hannunsa. Ya laluba ya kamo nawa, ya ɗora yatsuna uku a wurin. Suka zauna daidai, ba ragi ba ƙari. Ya ce dama hannun Inna na ɗauko, a auna nawa. Ina kuka Rabi'u yana aunawa.

Mako na gaba ya dawo da sabon faifai. Baba ya ɗora yatsa ya bi igiyar, ya zo filin ya tsaya. Ya sa na dama masa fura a ƙwaryar Inna, ya rufe ta da faifan da kansa.

Ƙwaryar ta ƙarasa tsagewa da damina, Baba kuma ya rasu bayan girbi. Rabi'u yana nan yana yanke-yankensa, kuma duk abin da ya fito daga shagon nan da filin a bakinsa. Abokansa na ce masa injin yana tsallake layi, ya kai a gyara. Faifan Baba yana wurina. In na ɗauke shi daga kan kwano, yatsuna da kansu suke zuwa wurin.