Kwalbar da Kawu Bitrus Ya Ajiye wa Saratu

Ina zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke ƙasan benenmu a unguwar Danau Kota, nan ƙasar waje, ko loma ta biyu ban kai ba, wayata ta yi ƙara. Wani Ba'indiye ne, abokin aikin Kawu Bitrus, yake shaida mini Kawu ya yanke jiki ya faɗi a ofis, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce masa ya yi kuskuren lamba. Ya sake faɗin sunan a hankali. Na tashi na bar shayin a wurin, kuma har yau ban san yadda na isa unguwarsu Brickfields ba.

Kawu Bitrus ba kawuna na jini ba ne. Shi mutumin Pankshin ne, ni daga Kafanchan na fito. Amma lokacin da na sauka garin nan ina ɗalibi, a falonsa na kwana har na sami ɗaki, kuma ba ni kaɗai na ci wannan arzikin ba. Dattijo ne a cocinmu. Aikinsa kuwa a wani kamfanin shigo da wiski mai tsada yake, abin da ya sa wasu ke gaishe shi da baki suna gulmarsa da ido. Ya sani sarai, bai taɓa ɓoye wa kowa inda yake cin abinci ba. Ni dai ban taɓa ganinsa a buge ba, ko sau ɗaya.

Idan aka taɓo zancen sana'arsa, sai ka nemi wurin zama. Samari kan zo masa da kwalba suna murna wai ta shekara goma a ajiye, don haka ta ƙara tsufa, ta ƙara daraja. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wiski a ganga yake girma. Ranar da aka ɗura shi a kwalba, ranar ya daina." Ya kan ce mai tsadan nan haɗi ne na iri-iri, kuma shekarun da aka rubuta a jiki na autan cikinsu ne, "don a gidan kirki ba a yin ƙarya da shekarun babban wa." Dokokinsa biyu ne, ya maimaita mana su har muka gaji: kwalba a tsaye take zama, don in ta kwanta ruwan yana cinye matoshinta, sannan a raba ta da rana da zafi. In an kiyaye wannan, in ji shi, za ta jira mutum iyakar ransa.

Akwai guda ɗaya da ba ya bari kowa ya taɓa. Ya saye ta a makon da aka haifi 'yarsa Saratu a Jos, yana nan, ba a ba shi hutu ba. Tana cikin kwalinta a tsaye, a ƙasan durowar kayansa, a ɗakin da ya fi sanyi. An daina yin irinta tuntuni, shi ya sa wani Basine mai tara tsofaffin kwalabe ya yi ta zarya yana ƙara tayi. Kawu ya ce masa, "Ba ta sayarwa ba ce. Ranar auren yarinyar, ni da uban angon za mu buɗe ta." Saratu ba ta taɓa ganinta ba, amma tun tana ƙarama take jin ana cewa kwalbarki. An sa bikin a Disamban nan. Watan jiya yana nuna mini tikitinsa ya ce, "Ayuba, in ban kai ba, kai za ka kai ta." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya yi dariya.

To, ga abin da ke cin raina, kuma zan faɗe shi ko da wasu za su ji haushi.

Ranar da ya rasu, matan zumunta suka zo gyara gida don zaman makoki. Allah ya saka musu, sun yi dahuwa, sun yi shara, sun riƙe baƙi. Shugabarsu Mama Ladi ta buɗe durowa tana neman kayan da za a sa wa gawa, ta ci karo da kwalin. Fasto na hanya. Sai ta zare kwalbar, ta cusa kwalin a shara, ta naɗe ta a zani, ta kwantar da ita a but ɗin motarta. Motar kuma a fili take kwana take wuni, cikin ranar garin nan da ke narkar da takalmi. Ni ina can ina fama da takardun kai gawa gida, ban sani ba. Sai da jirgi ya tashi da shi, fiye da mako guda, na buɗe durowar na tarar da wayam.

Na sami Mama Ladi bayan sujada. Na ce, "Mama, ina kwalbar da ke ɗakin Kawu?"

Ta ja ni gefe ta rage murya. "Mun rufa masa asiri ne. Dattijon coci guda, a tarar da giya a ɗakinsa?"

Rufin asiri. Wallahi kalmar nan ta ƙona mini rai. Wane asiri ne ga mutumin da kowa ya san aikinsa? Na roƙe ta ta buɗe but ɗin. Tana ɗagawa ƙanshi ya buge mu. Matoshin ya jiƙe ya ruɓe, zafi ya turo shi, zanin ya shanye kusan komai. Abin da ya rage a ƙasa bai kai rabin kofin shayi ba, takardar jikin ma ta saɓule. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan yana lallaɓa ta kamar ƙwai, ya sauya gida da ita a ƙirjinsa, mu kuma muka gama da ita kafin a binne shi.

Muna tsaye Fasto ya ƙaraso. Mama Ladi ta yi wuf za ta rufe, ya ɗaga mata hannu. Ya dubi kwalbar ya ce, "Ta Saratu ce wannan? Ai ya nuna mini ita. A kanta ya sa na yi masa addu'a Allah ya nuna masa ranar."

Mama Ladi ta zauna a bakin motar ta fashe da kuka. Na san ba da mugunta ta yi ba. Amma raina bai huce ba har yanzu, ba zan yi ƙarya a kan marigayi ba. Muna ƙaunarsa, muna cin abincinsa, amma ashe kunyarsa muke ji, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke hannunsa kafin ya ɓoye shi.

Da yamma na kira Jos. Saratu ta gode mini a kan ɗawainiya, muryarta a dushe. Sannan ta ce, "Yaya Ayuba, ba za a ɗaga bikin ba, mahaifiyata ta ce haka zai so. Za ka zo mini da kwalbata ko? Ita kaɗai ce za ta tsaya a madadinsa."

Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Can ta ce, "Ashe ita ma ba ta jira ni ba."

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Bitrus, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka. Ka ta'azantar da matarsa da ta yi shekaru tana jiran dawowarsa. Ka riƙe Saratu a ranar aurenta, ka tsaya mata a inda ubanta zai tsaya. Mu kuma da muka kasa riƙe masa amana guda ɗaya, ka yafe mana, ka sanyaya mini zuciya, don ni na kasa. Cikin sunan Yesu, amin.