Marin da Baba Ya Yi wa Talabijin Ɗina

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina, mai gyaran talabijin na bakin tashar mota, wanda duk unguwa ke kira Likita.

Baba, shekara arba'in ka yi kana jinyar talabijin masu ƙeya. Kakan kara kunne a jikinsu, ka kai musu mari ɗaya a gefe, sai hoto ya dawo. Tsofaffi da marasa hali da ka gyara wa kyauta, Allah kaɗai ya san yawansu. Da sirara suka fito kuwa, ka ɗauki karan tsana ka ɗora musu. Kakan ce, "Abin da ba shi da ciki, ta ina za a yi masa aiki? Nan gaba kamar takarda za a riƙa sayar da su, a naɗe a sa a aljihu, in sun lalace a jefar."

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ka zo gidanmu duba jikoki, hoton sabon talabijin ɗina na bango, siriri kamar faranti, ya ɗan yi rawa. Kafin in buɗe baki, hannunka ya riga ya tafi. Gilashi ya tsage daga sama har ƙasa. Ba a yi wa suruki ƙorafi, sai na ce, "Ai dama ya daɗe yana neman lalacewa, Baba." Kwanansa shida da saye.

Ka saƙale shi a hamata, ka ce in zo ranar Alhamis, kada kuma in kuskura in sayi wani. Alhamis ɗin nan ta kai shekara biyu. Na san in ka ga sabo a bangona, tamkar na ce maka aikinka ya ƙare ne. Don haka na saya a ɓoye. Da mun ji ƙarar babur ɗinka, ni da 'yarka mu cire shi da gudu mu tura bayan kabad, yara su zauna suna kallon bango kamar marayu.

Da ciwon ajali ya kwantar da kai a asibiti, ka sallami kowa, ka riƙe hannuna. Ka ce, "Wancan ba ya gyaruwa. Sau goma na buɗe shi, babu abin kamawa a ciki. Na bayan kabad kuma ku bar shi a bango, kuna wahalar da shi. Tun watan farko na ga rimot a kan kujera." Na yi dariya har hawaye ya zubo, dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba. Ashe duk tsawon lokacin nan kai ma kana rufa mana asiri.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kura-kuranka, ya haskaka makwancinka. Inna, da matata da ƙannenta, Allah ya ba ku haƙurin rashi, mu kuma ya kyautata namu zuwan.