Ranar da Na Daka Irin Gidanmu

Lokacin da aka kai ni gidan miji a wani ɗan ƙauye bayan Kucheri, ban daɗe da gama sakandare ba, kuma abin da na sani game da noma bai wuce cin tuwo ba. Mu Kiristoci ne, gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke ja, gayya ɗaya muke fita. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ta raine ni a gidan. Kowace kaka takan zauna ta zaɓi zangarniyar gero mafi cika, ta ɗaure, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. Wannan shi ne iri. Geron gidan ne tun kaka da kakanni, fari, mai zaƙi, furarsa ba ta neman sukari. Takan zolaye ni wai hannun 'yar boko na riƙon biro ne, amma ni ta damƙa wa ɗaurin kafin ta rasu. Har yau in na shaƙi hayaƙin kara, ɗakin girkin nan nake gani.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, muka baro ƙauyen da gero tsaye a gona. Yara na goya, irin na naɗe a zani. A Gusau muka kama ɗaki ɗaya, maigida ya koma dako a tasha. Ya kafa ƙusa ya rataye ɗaurin, in ya dawo yakan shafa shi, ya ce in ba bana ba, baɗi.

A lokacin ne matar fasto ta fara koya mana littafin annabi Yowel a zumuntar mata. Ta yi bayanin farin dango da suka cinye ƙasa, abin da wani garke ya bari wani ya lashe, rumbuna suka zama kango, manoma na kuka. Na ce a raina ai mu ne, Allah ya yanke mana hukunci, an rufe magana. Daga ranar na daina zuwa, ban tsaya jin sauran ba.

Damina ta sake faɗuwa, ƙamshin ƙasa ya tashi, ni kuwa kallon ɗaurin nan ya zame mini ciwo. Ba yunwa ba ce, akwai masara a buhu. Na sauke shi, na sussuka, na surfa, na daka, na dama fura. Yara suna ta murna. Maigida ya dawo da yamma, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye ludayin, ya ɗaga kai ya dubi ƙusar. Ya tambaye ni ko duka ne, na ce duka. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce wa yaran su sha a hankali, domin ba za su ƙara ɗanɗana furar kakarsu ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a daɗe ba wani Alhaji da yake yi wa dako ya ara masa gona a Karakkai, wajen Bunguɗu. Irin kasuwa muka shuka. Ya yi, muna ci, mun gode Allah, amma ba shi ba ne.

Da kunya na koma zumunta. Wata tsohuwa ta zaunar da ni ta karanta mini inda na tsallake: Ubangiji yana kiran mutanensa su juyo, shi mai jinƙai ne, ya kuma yi alkawarin mayar musu da shekarun da fari suka cinye. Ta ce 'yata, kin ji tsawa kin shige ɗaki, ba ki jira ruwan ba.

Abin da na koya shi ne, hukunci na Allah ne, ceto ma nasa ne, ba ni da hurumin cewa ya gama da kowa, ko da ni kaina ce. 'Yan'uwana mata da wahala ta koro daga gida, duk abin da kuka riƙo don gobe, ku bar shi a rataye. Allah ya ba mu gona, ni ce na je masa hannu wofi.